Yadda Na Auna Iskar Holan da Babbar Riga

Matafiyan farko, Allah Ya jiƙansu da rahama, sun cika littattafai da labarin garuruwan da suka gani, da sarakunan da suka gaisar, da malaman da suka ɗauki karatu a wurinsu, amma da wuya ka sami wanda ya tsaya ya gaya maka abin da ya kashe a hanya, dalili kuwa shi ne yawancinsu ba daga aljihunsu suka kashe ba. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya bar Tanja a shekarar 1325 bai jingine sandar tafiya ba sai bayan kusan shekara talatin, har ya taka Mali da Takadda, galibin fadojin da ya sauka sai an ba shi doki da riguna da dinare, wani wurin ma har da alƙalanci. Saboda haka in mutum ya karanta rihlarsa sai ya zaci yawon duniya ba ya bukatar kome sai niyya da lafiyar ƙafa. Ni kuwa da Allah Ya ƙaddara mini tawa rihlar a ƙasar Holan, babu sarkin da ya san na zo, balle ya aiko mini da doki, don haka na wajabta wa kaina rubuta kowane sisi a cikin wani ɗan littafi mai jan bango, kuma daga cikinsa nake ciro wannan labari.

Asalin zuwana shi ne wani ɗan kwas na adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu a birnin Laidin, inda akwai jami'ar da aka kafa tun 1575, wadda ke riƙe da tarin littattafan Larabci da in ɗalibin ilmi ya gani sai ƙwalla ta zo masa. Da aka gama kwas, ya rage 'yan kwanaki kafin jirginmu ya tashi, sai abokan karatu suka watse, wannan ya nufi Faris, wancan ya nufi Jamus, ni kuwa na je tasha na karanta kuɗin jirgin ƙasa, na juya shi zuwa naira a zuci, na ga tafiyar awa guda ta cinye bandir ɗin kwano, alhali kuwa ragowar guzurin nan na riga na yi alkawarinsa ga rufin wani ɗaki da na bari a buɗe a Zariya. Nan na zauna a kan benci na yi ijtihadi, na gina ƙiyasi a kan muƙaddima uku waɗanda har gobe ban ga wanda ya rushe ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta farko, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta mafi tsawo mita 322 ne kacal, shi ma yana can lungun kudu maso gabas inda ba ni da niyyar zuwa, kuma kusan rubu'inta yana ƙasa da teku, wanda a hankalce ke nuna gangara. Ta biyu, kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, abin da ya yi yawa kuwa dole ya yi araha. Ta uku, ni ne wanda a zamanin ƙuruciya nake tuƙa Ralin mahaifina daga Birni zuwa Samaru da buhun masara a kariya. Natija ita ce zan kewaye Holan da ƙarfin cinyata, ba tare da na biya kowa kome ba.

Mai tsofaffin kekunan da na je wurinsa dogo ne, kamar yadda kusan kowa yake a ƙasar, ba ya dariya, bai kuma san ciniki ba. Da ya faɗi kuɗi na taya rabi, ina jiran ya ce albarka mu soma magana irin ta mutane, sai kawai ya juya ya ci gaba da ɗaure wata taya. Da na nemi mafi arha, ya jawo mini wani baƙin keke mai nauyi, marar sandar tsakiya, mai rufaffiyar sarƙa, ya ce irin na tsofaffin mata ne. Wannan bai dame ni ba, hasali ma na ga hikima a ciki, domin na yi niyyar yin tafiyar nan cikin babbar riga da hula, saboda malami ba ya tuɓe haibarsa don ya ƙetare teku, kuma keken da aka ƙera domin zane ba zai ƙi riga ba. Na biya, na yi bisimilla, na hau, na miƙa bakin wani kududdufin da ya ratsa gari, zuciyata fari ƙal; sai da na hango wata mata ta tura keken jariri ta shigo hanya, na kai yatsu inda birki yake tun da aka halicci keke, na damƙi iska. Na laluba dama, na laluba hagu, babu kome sai ƙararrawa, ita kuwa na kaɗa ta iyakar ƙarfina tare da salati, kana na zaɓi mafi sauƙin sharri biyu, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, na kauce wa jariri na afka cikin jerin kekunan ɗalibai da aka jingine, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, a kan nata ɗan keken, ita ta tsaya ta nuna mini da ƙafarta cewa a wannan irin keke baya ake murza feda in ana son tsayawa. Na gode mata, na kuma rubuta a littafi cewa al'ummar da ta ɓoye birki a cikin feda ba ta kyauta wa baƙo ba.

Guzurina garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da dabino da buta da darduma, kilishi kuwa dokar Turai ta hana shigo da nama daga waje, don haka tun a gida yara suka yi masa alƙalanci. Game da sanin hanya, ƙasar tana da wani tsari mai ban sha'awa da wani injiniyan ma'adinai ɗan Beljiyam mai suna Hugo Bollen ya ƙirƙiro, Holan ta ara: kowace mahaɗar hanyar keke an ba ta lamba, an kafa ɗan allo fari da kore mai nuna kibiya zuwa lambobin da ke maƙwabtaka da ita, ta yadda matafiyi ba ya bukatar taswira, sai dai ya jera lambobinsa a takarda ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun da sayen intanet a waya israfi ne a mazhabata, na zauna a ɗakin karatu na kwafe lambobin duka da alƙalamin tawada, da kyakkyawan rubutu, na ninke na sa a aljihun gaba. Wani Baholande abokin kwas ya dubi rigata, ya dubi keken, ya ce, "Malam, ka dai duba iska." Na ce masa mutumin da ya girma cikin hunturun Arewa ba a ba shi labarin iska.

Na fita ta Katwaik na kama hanyar da ta bi cikin tuddan rairayin bakin teku ta nufi arewa, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin jikina irin na wannan safiya ba. Ko feda ban cika murzawa ba, keke sai gudu yake, riga ta cika ta yi tashe a gabana, hannayenta na kaɗawa, ina wuce garuruwa, Nordwaik, Zandfort, kamar ana janye su da igiya. Har wasu samari na cim ma, sanye da matsattsun tufafin da ban ga dalilin da zai sa baligi ya fita da su bainar jama'a ba, sun duƙa a kan kekuna masu tsada. Na wuce su a zaune tsaf, na ɗaga musu hannu, na ji tausayinsu, na ce a raina wannan shi ne bambancin wanda ya tashi da tuwon dawa da wanda ya tashi da burodi. Na lura, ba shakka, cewa itatuwan bakin hanya duk sun karkata gefe guda, kuma duk inda na duba akwai injin niƙa mai fukafukai ko dogon farin fanka yana juyawa, amma na ɗauki wannan a matsayin ado irin na ƙasa. A Felsen na shiga jirgin fito na haye mashigin da ya haɗa Amsterdam da teku, aka ce mai keke ba ya biya, na rubuta sifili a littafi da farin cikin da ban iya siffantawa.

Mas'alar da ta shagaltar da ni a hanya ita ce ta kasaru. Risala ta ƙayyade tafiyar da ake rage salla a cikinta da baridi huɗu, wato mil 48, kuma tafiyata ta zarce haka. Abin da na tsaya nazari shi ne ko wanda ba ya jin wahala ko kaɗan, wanda ma hutawa yake a kan sirdi, ya cancanci rangwame. Na rinjayar da cewa illar hukunci ita ce tafiya, ba wahala ba, na yanke zan yi raka'a biyu. Da azahar ta yi na shigo cikin gonaki, na hangi wani fili siriri a gefen hanya, kore shar, sumul, babu ko tsinke, na ce tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tanadar wa bawansa masallaci a ƙasar da ba a kiran salla. Na jingine keke, na tuɓe takalmi, na rungumi darduma da buta, na sa ƙafar dama kamar yadda sunna ta koyar, sai na ji ƙasa ta buɗe. Ashe lambatu ne, irin wanda suke tsaga gonakinsu da shi don janye ruwa, wata ƙaramar kainuwa ta rufe fuskarsa ruf. Na nutse har ƙirji cikin baƙin taɓo mai sanyin ƙanƙara, agwagi suka tashi suna zagina, wasu shanu dabbare-dabbare, baƙi da fari, suka matso bakin waya suna kallo, irin waɗanda hotonsu ke zuwa zuciyar duk wanda ya taɓa fasa gwangwanin madarar Peak. Da na fito na wanke abin da zai wanku, na yi sallata a kan kwalta, na laluba aljihun gaba, na tarar da takardar lambobi ta zama shuɗi ɗaya, rubutun da ko almajiri ya wanke allo bai kai shi fita ba.

Daga nan na koma bin lambobi da ka, kuma a nan na gano cewa ba a jere suke ba, 47 na iya bin 12, kuma lamba ɗaya tana iya sake bayyana a wata gunduma. Na yi ta kewaya wata majami'a mai doguwar tsororuwa, ina zuwa mata ta gabas ina zuwa mata ta yamma, har shanun wurin suka daina ɗaga kai in na wuce.

Kwana a daji, wanda shi ne ainihin shirina, doka ta hana, kuma ƙasar ba ta da dajin da mutum zai ɓuya ma. Sai dai akwai wata ƙungiya mai suna Vrienden op de Fiets, tun 1984, wadda ta haɗa dubban gidajen mutane masu sauke matafiyin da ya zo a keke ko a ƙasa, su ba shi gado da karin kumallo a kan kuɗi kaɗan, kuma abokin nan nawa ya riga ya sa na yi rajista, ya kama mini wuri a wani ƙauye kusa da Alkmar. Na isa da almuru, wanda a ƙarshen watan Mayu yake kusan ƙarfe goma na dare, ina warin taɓo, kainuwa a gemu. Wani tsoho da matarsa suka buɗe ƙofa, kafin in gama sallama wani kare mai girman ɗan maraƙi ya ɗora ƙafafunsa a kafaɗata ya lashe mini kunne. Ban taɓa gode wa Allah da Ya sa ni cikin mabiya Imamu Malik irin wannan dare ba, domin a wurinmu kare mai rai ba najasa ba ne, da kuwa Bashafi'e ne ni da sai na nemi turɓaya a ƙasar da duk ta jiƙe. Aka nuna mini ɗaki a sama, ta wata matakala da ba ta da maraba da tsanin hawa rumbu, na hau da hannu da ƙafa. Aka kawo gahawa, uwar gida ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙo, na ɗauki ɗaya don kunya ina shirin a ce in ƙara, sai na ji murfi ya rufe, gwangwani ya koma kan kanta.

Mutanen kirki ne ƙwarai. Tsohuwar ta karɓi rigar ta wanke ta busar a inji, ta yi ta shafa aikin wuyanta tana tambaya ko da hannu aka yi. Na ce, "Inna, da hannu, kuma a garinmu. Ni ma ina da tambaya: ina ake sayar da atamfa? Uwargida ta ce kada in dawo daga Holan ba 'yar Holan." Suka dubi juna. Sai da na nuna hoto a waya tsohon ya tuna cewa akwai wata masana'anta a Helmond, can kudu, mai suna Vlisco, wadda aka kafa tun 1846, mai buga irin wannan yadi, amma shi bai taɓa ganin wata mace a ƙauyensu ta ɗaura ba, kusan duka Afirka ake kaiwa. Na yi shiru ina tunanin yadda matan Arewa suka ɗaukaka sunan wata ƙasa a kan kayan da matan ƙasar ba su san da shi ba, na kuma ji sanyi a raina, domin hujja ta samu ta sayen atamfar a Kantin Kwari, bashi.

Daren bai yi albarka ba, don kafin shafaƙi ya ɓace a yi isha sha biyu ta gota, kafin in juya kuma alfijir ya keto. Da safe aka ajiye burodi da cuku da wani barbaɗen cakulan da manya masu furfura ke zubawa a kan man shanu ba tare da jin nauyin kowa ba. Na ci na tsohon, na ci na tsohuwar, na ci na gobe. Da na gaya masa zan bi ta Horn in je Enkhaizen in haye jingar da ta ratsa ruwa zuwa Lelistad, ya duba wayarsa ya ce, "Malam, yau iska shida ce, daga kudu maso yamma." Na ce, "Baba, shida ai ba ta da yawa," domin a makarantar da nake koyarwa wanda ya ci shida ya faɗi warwas. Bai gaya mini cewa ma'aunin a sha biyu ya ƙare ba, kuma wannan ɓoye ilmi ne.

Wannan jinga aiki ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Da can wani babban hannun teku ne ya shigo tsakiyar ƙasar, har wani injiniya mai suna Cornelis Lely ya tsara a toshe bakinsa, aka gama toshewa a 1932 da jinga mai kilomita 32, ruwan gishiri ya zama tafki, kana aka riƙa yankar tafkin ana tsotse ruwa ana mai da gindinsa gona, har aka sami lardi guda, Flevoland, wanda babban birninsa ke ɗauke da sunan injiniyan. Jingar da na nufa kuwa, wadda ta fi kilomita 25, an gama ta a 1976 da nufin a busar da ruwan da ke kudu da ita, daga baya aka fasa, saboda haka ta zama hanya a tsakiyar ruwa, ruwa dama ruwa hagu, babu gari, babu inuwa, babu mai faci. A bakinta na ga abin da ya kusa sa ni juyawa, wato hanyar mota ta nutse ƙasa, jirgin ruwa yana wucewa ta samanta. Amma na ce wanda ya ga wannan ya ga ƙarshen mamaki, na shiga.

Rabin farko iska tana dukan kafaɗata ta dama, keke na tafiya a karkace, wasu ƙananan ƙwari marasa cizo suna shiga baki da hanci duk inda aka sami ɗan lungu, har na yi ta tunanin hukuncinsu ga mai azumi. Da na wuce wata 'yar tashar jiragen ruwa a tsakiya, hanya ta karya kwana ta fuskanci kudu, a nan ne abin da ya kawo ni tun daga Laidin ya juyo ya tsaya a gabana yana neman kuɗin mota. Rigar da jiya take tashe a gaba ta koma baya ta buɗe iyakar faɗinta, kamu goma sha na shadda, ta kama iska ta riƙe, wuyanta ya shaƙe ni, ina murza feda da dukan abin da Allah Ya hore mini, amma in na dubi duwatsun gefen hanya sai in ga dutsen da na gani ɗazu shi ne dai. Na miƙe tsaye a kan feda, keke ya tsaya cik, ya yi shawara, ya soma komawa Enkhaizen. Na murza baya don in taka birki, wanda a wannan hali ya zama taimakon abokin gaba. Hulata, zanna bukar da na ajiye domin manyan ranaku, ta tashi sama ta yi kewaye biyu ta sauka a kan ruwa, ta kama hanyar Firislan ba ko waiwaye.

Ina cikin wannan jihadi sai na ji ƙararrawa a bayana. Wata tsohuwa ce da ta haura saba'in, zaune tsaf, kwando a gaba da furanni a ciki, ta zo ta wuce ni ba ko nishi, ta ɗaga mini hannu da irin tausayin da na yi wa samarin jiya. Daga baya na sami labarin cewa kekenta mai batir ne, wanda a ganina bai halatta a kira shi keke ba, kuma da akwai hukuma mai adalci da an wajabta musu rataya alama don kada su riƙa karya zukatan bayin Allah. Na sauka na tuɓe rigar, na naɗe ta na ɗaure a kariya, na rage daga ni sai 'yar shara da wando, kai ba hula, ina tura keken tsohuwa a tsakiyar teku. Motoci na wucewa, yara na manna fuska a gilashi. La'asar kuwa a kan duwatsu na yi ta, buta a kusurwa ɗaya ta darduma, takalma a biyu, ta huɗun na bar wa Allah, ita ce kuma ta riƙa marina a kowace sujada. A wannan karon ban tsaya binciken illar kasaru ba.

Na shiga Lelistad rana na faɗuwa, gwiwoyi na rawa, tayar baya ta sace, garin kwaki ya jiƙe tun a lambatu ya zama dutse, ƙuli-ƙuli ya ƙare. A wani kanti na ga baƙar alewa mai arha na saya jaka guda, na watsa uku a baki, sai na ji gishiri da kanwa da wani abu mai kama da maganin tari sun haɗu sun kama mini harshe. Wai ita ce abin marmarin ƙasar, kuma tun da na biya, sai da na shanye ta duka cikin kwanakin da suka biyo, ina hawaye. Gidan da aka kama mini na daren yana can gaba da nisan da ko a mafarki ba zan kai ba, don haka larura, wadda ke halatta abin da aka hana, ta kai ni otal. Na zaro takardun kuɗi, yarinyar da ke kanta ta ce kati kawai suke karɓa. Na miƙa katin da na rantse ba zan taɓa ba, na ji ƙarar injin, na san rabin ɗakin Zariya ya tafi. Na kwanta a gadon da yake mita da yawa ƙasa da teku, a inda kifi ke kiwo a zamanin kakana, na buɗe jan littafi na rubuta adadin da ƙananan haruffa.

Washegari na yanke cewa manufar rihla ta cika, tun da ilmi ake nema, an kuwa samu, na tura keke zuwa tashar jirgin ƙasa. Nan na tarar cewa keke ma yana da nasa tikitin, kuma ba a shiga da shi lokacin cunkoson ma'aikata, daga shida da rabi zuwa tara na safe. Na zauna a benci ni da shi muna jiran lokacinmu, na biya kuɗin shiga bayi, wanda shi ma na rubuta. Da na tara lissafi a cikin jirgi, kuɗin keke da rajista da otal da alewa da tikiti biyu da hula, na ga ya isa in kewaye ƙasar a jirgin ƙasa ina cin nama, sai dai wannan bai taɓa ƙiyasina ba, domin muƙaddimomin nan uku suna nan daram, iska kuwa babu taswirar da ta zana ta.

Saura abu ɗaya, in sayar da keke in farfaɗo da wani abu. A unguwar Bailma ta Amsterdam, inda mutanen Gana suke da yawa, na je sallar Juma'a, ina fitowa na ji wani yana waya da Hausa, na riƙe hannunsa kamar na ga ɗan'uwana na ciki ɗaya. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya daɗe a ƙasar, ya kai ni gidansa ya cika ni da wake da shinkafa. Da na kawo maganar ciniki ya fito ya kewaya keken, ya matsa tayar, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, ko kyauta sai an yi wa mutum alfarma." Ya ƙara da cewa a garin nan ana sace kekuna ba adadi, har dubbai ake tsamowa daga kududdufai kowace shekara, saboda haka in ina son rabuwa da shi in bar shi a bakin tasha ba kulle. Na ga a nan akwai wata fa'ida, domin wanda aka yi wa sata yana da lada, kuma yana da labarin da zai ba da a gida wanda ya fi na lambatu daraja. Na jingine shi a wuri mafi fili, na bar makulli a jiki, na yi masa addu'a na tafi.

Da safe muka zo tare. Keken da ke damansa, wanda aka ɗaure da sarƙa mai kaurin hannu, babu shi, sai guntun sarƙar a ƙasa; nawa yana nan inda na bar shi, makulli a jiki, sai dai an kwance igiyar da nake ɗaure kaya da ita an tafi da ita, an kuma ajiye mini gwangwanin lemo biyu, babu kome ciki, a kan kariya. Mutumin Kumasi ya yi dariya har ya dafa bango, kana ya ce zai karɓa sadaka saboda zumuncin Musulunci, ya ba wani yaro sabon zuwa, amma da sharaɗin in biya kuɗin facin tayar baya, domin ba ya yiwuwa a ba maraya abin da zai zame masa nauyi. Na ce, "Alhaji, nawa ne facin?" Ya faɗa. Na juya shi zuwa naira, na nemi wuri na zauna, sa'an nan na biya, na ce ya rubuta mini rasit.